Jinyar tsofaffi ta yi tsada: me gwamnati ke ɗauka, me ya rage wa iyali a Kebbi?

Ɗan Jega:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiya da masu sanin harkar kuɗin gwamnati. Idan tsoho ya yi doguwar kwanciya, kamar wanda ɓarin jikinsa ya shanye ko wanda gigin tsufa ya kama, asibiti kan riƙe shi ne har jini ya sauka, numfashi ya daidaita, sai a sallame shi a ce a ci gaba da jinya a gida. Daga ranar komai ya koma wuyan iyali: famfas, robar fitsari, magani, mai kwana da shi, kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi ganin likita. Kuma kullum farashi gaba yake yi.

Shin akwai kason da gwamnati ke ɗauka, ta KECHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kebbi, ko ta tarayya? Sannan ana ta shawarar cewa ƙungiyoyin ci gaban gari su haɗa kuɗi su gina gidan kula da tsofaffi, a nemi gwamnati ta riƙa tallafawa. Hakan zai fi sauƙi a aljihu fiye da jinya a gida? Don Allah a yi mana bayani dalla-dalla.

Mai Katin Lafiya, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam, Malam. Kuɗin gwamnati da ake da su na magani ne, ba su kai ga jinya. Ana iya biya wa Baba ganin likita, gwajin jini da ƙwayoyin hawan jini, amma wanda zai juya shi da dare, ya wanke shi, ya ba shi abinci a baki, babu asusun da ke biyansa.

Ga inda kuɗin suke. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wato BHCPF, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na babban asusun kuɗin shiga na tarayya. Kusan rabinsa yana bi ta hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, ya sauko hukumomin jihohi, a nan KECHEMA, a Zamfara ZAMCHEMA, don a yi wa marasa ƙarfi rajista kyauta. Dokar NHIA da aka sa wa hannu a watan Mayun 2022 ta ambaci tsofaffi cikin masu raunin da ya kamata a biya wa. Sai dai gurabe ƙayyadaddu ne, kuma jihar nan mazaɓu 225 gare ta, kowace na jiran nata kason tare da masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Abin da za a yi shi ne a je asibitin matakin farko na mazaɓar da tsohon yake, wanda ke karɓar kuɗin BHCPF, a ga shugaban asibitin a tambayi lokacin rajista. A tafi da lambar NIN. Inda aka fi samun cikas shi ne suna: NIN na cewa Abubakar, katin asibiti na cewa Garba ko Buba, shekarun haihuwa kuma kowace takarda da nata. A daidaita wannan tun tsohon yana iya zama a kan babur, domin bayan ya kwanta ɗaukar hoto da zanen yatsa ma aiki ne. A zaɓi asibitin da ya fi kusa da gida. Idan ciwo ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, kada a ɗauki Baba a wuce babban asibitin Sir Yahaya ko na Kalgo kai tsaye. A karɓi takardar turawa da lambar izini tukuna, in ba haka ba za a ce ku biya daga aljihu, kuma maido da kuɗin ba abu ne mai sauƙi ba. Gaggawa ta rai daban, wannan a wuce kawai, a bi takardu daga baya.

Wani abin da ke ruɗa mutane: ma'aikacin tarayya mai katin NHIA, katinsa ya ƙunshi shi, da mata ɗaya, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Iyaye ba sa ciki sai an biya musu daban, ko a sa su a tsarin GIFSHIP, inshorar da mutum ko iyali ke saya wa kansu a NHIA, da ake biya shekara-shekara. A tsarin ma'aikata ana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, kwanakin kwanciya a gadon asibiti suna da iyaka a shekara, zuwan likita gida kuma ba ya cikin abin da ake biya.

Akwai Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda aka sa wa dokarta hannu a 2018 ta fara aiki a 2021, da manufar ƙasa kan tsufa da majalisar zartaswa ta amince da ita a 2021. Aikinsu tsara ƙa'idoji ne da horar da masu jinya. Ba wurin da iyali za su kai lissafin famfas a biya su ba ne.

Nas daga Argungu:

Malam Ɗan Jega, bari in shigo ta wajen da kuɗi ke zurarewa, domin mafi yawan abin da iyali ke kashewa bayan wata na biyu ba na ciwon farko ba ne. Na abin da kwanciyar ta haifar ne, kuma yawancinsa ana iya tare shi.

Na farko gyambon kwanciya. Wanda ba ya iya juya kansa, a juya shi duk bayan awa 2, dare da rana: dama, rigingine, hagu. A rubuta lokacin a takarda a manna a bango, don mai karɓar aiki ya san inda aka tsaya. Wuraren da za a duba kowace safiya su ne ƙashin ƙugu ta baya, gefen kwatangwalo, diddige, idon sawu, allon kafaɗa da ƙeya. A baƙar fata ba lallai ka ga ja ba. Za ka ga wurin ya ƙara duhu ko yana ƙyalli, ya fi kewayensa zafi ko tauri. Da an ga haka, kada a sake kwantar da shi ta wurin, kuma kada a murza, murzawa ƙara lalata naman take. A sa matashi ƙarƙashin ƙwauri yadda diddige zai rataya bai taɓa katifa ba, a sa wani tsakanin gwiwoyi. Wajen gyara masa kwanciya, mutum biyu su ɗaga shi da zanin gado, kada a ja shi, jan ne ke saɓule fata. Gyambon da ya yi zurfi wankinsa kullum ne, da ruwan gishirin asibiti, da bandeji, da safar hannu, da kuɗin mai wankin, kuma yana ɗaukar watanni. Katifar iska tana taimakawa, amma da wuta take aiki. Idan aka ɗauke wuta ta sace, Baba yana kwance a kan katifa mai tauri ba wanda ya lura. Wanda ba shi da sola ko batir, katifa mai kauri da juyawa a kan lokaci sun fi masa.

Famfas: tsohon da ba ya riƙe fitsari yana cin 3 zuwa 4 a yini, wato 90 zuwa 120 a wata. Idan ƙunshi mai guda 10 ne, ƙunshi 9 zuwa 12 ke nan, ka ninka da farashin kasuwar Birnin Kebbi yau ka ga. Saboda tsadar, mutane kan bar guda ɗaya ta wuni, fata ta jiƙe ta sale, a koma kan gyambo. Abin da ya fi shi ne a shimfiɗa ledar gado, a ɗora tsofaffin zannuwa masu laushi guda 6 zuwa 8 ana canzawa ana wankewa da rana, a bar famfas sai dare da ranar zuwa asibiti. Namiji mai hankalinsa a ba shi kwalbar fitsari duk bayan awa 2 zuwa 3. A shafa man kaɗanya ko basilin bayan an wanke an tsane. Ban da hoda, dunƙulewa take a lungun fata.

Robar fitsari kuma kada a sa ta don sauƙin wanki kawai. Tana da dalilinta, kamar toshewar fitsari da ke yawan samun tsofaffin maza. In an sa, jakar ta zauna ƙasa da mara kullum, kada ta taɓa ƙasa, a zubar kafin ta cika. Robar da aka saba sawa ana canza ta cikin sati 2 zuwa 4, ta silikon tana iya kaiwa wata 3, don haka duk da ta fi tsada a saye, a lissafin shekara da kuɗin mota tana iya fin araha. Zazzaɓi, ko fitsari ya daina sauka, ko tsoho ya ruɗe farat ɗaya yana sambatu, a kai shi asibiti ranar. Sau da yawa ciwon mafitsara ne ko ƙarancin ruwa, amma sai a ce gigin tsufa ne ko iska, a ɓata kwana uku.

Abinci: mai shanyewar ɓarin jiki ba a ba shi komai yana kwance. A zaunar da shi sosai, a ba shi da ƙaramin cokali, ya zauna minti 30 bayan ya gama. Idan yana tari ko muryarsa na gurgura in ya sha ruwa, ruwan na bin hanyar iska ne, ƙarshensa ciwon huhu da sati guda a gadon asibiti. Kunu mai kauri ya fi ruwa tsinkakke sauƙin haɗiya. Kuma kunu zalla ba ya warkar da nama, a sa ƙwai, wake, gyaɗa, madara, ko kifi, mu da Allah ya ba kifi a Argungu da Yauri. A watannin Maris zuwa Mayu a kula da ruwa ƙwarai, lita 1.5 zuwa 2 a yini, sai in likita ya taƙaita saboda zuciya ko ƙoda. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, ba zai nema ba.

Magani: a nemi likita ya rubuta sunan maganin na asali, kamar amlodifin ko metfomin, ba sunan kamfani ba, ƙarfinsu ɗaya matuƙar akwai lambar NAFDAC. Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne a daina maganin hawan jini don "jini ya sauka", ko a riƙa sha yau a tsallake gobe don kwali ya daɗe. Shanyewa ta biyu ta fi ta farko muni. Diklofenak da ire-irensa na ciwon gaɓɓai da ake saye a kemis suna ta da jini, suna cin ƙoda da ciki, kuma wankin ƙoda ba abin da talaka ke iya ɗorewa a kai ba ne. Mai ciwon suga da ya rage cin abinci, a koma wa likita ya rage magani, in ba haka ba suga ya faɗi cikin dare. Insulin in babu firji, a sa shi cikin kwalba mai murfi a binne a jiƙaƙƙen yashin gindin randa, kada ya ga rana.

Sai motsa gaɓɓai. A biya mai gashin ƙashi na asibiti sau biyu ko uku ya koya wa 'yan gida, su kuma su riƙa lanƙwasawa da miƙe kowace gaɓa sau 10, safe da yamma. Watanni 3 zuwa 6 na farko su ne ake samun mafi yawan dawowar ƙarfi. Wanda ya kai ga iya zama a kujera ya ci da hannunsa, rabin wahalar jinyarsa ta tafi.

Tsohon Akawu, Yauri:

Sannu da ƙoƙari, Malama. Ni zan ɗauki maganar gina gida, Malam, domin gini shi ne mafi arha a cikin lamarin. Mako yana da awa 168. Ma'aikaci ɗaya yana yin kamar 42. Ke nan kowace kujerar aiki da ba a bari babu kowa tana cin mutum 4. Mu ƙaddara gida mai gado 20, dukkansu a kwance. Masu jinya uku a kowane lokaci, mutum 12 ke nan. Nas ɗaya a kowane lokaci, mutum 4. Masu girki 2, masu wanki da shara 2, masu gadi 2. Jimla 22. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin Kebbi ta amince da shi a 2024 naira 75,000 ne. Ko da kowa a haka za a biya shi, alhali nas ta fi haka, naira 1,650,000 ne a wata, kowane gado ya tashi 82,500. Ba a sayi shinkafa ba, ba famfas, ba magani, ba man janareta, ba gyaran famfo. Kuma a wajenmu dole maza su yi jinyar maza, mata su yi ta mata, don haka ba za ka iya rage ma'aikatan dare yadda kake so ba.

Dalilin tashin farashi kuma a bayyane yake. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ke ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. An saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500. Hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a Disambar 2024. Robar fitsari, safar hannu, abin gwajin suga, da sinadaran da ake haɗa magani, yawancinsu da dala ake shigo da su. Kamfanin magunguna na GSK ma ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a Najeriya a watan Agustan 2023. Fansho kuwa bai bi sawu ba.

Ƙasashen da suka riga mu gina waɗannan gidaje suna kuka da nasu. A Amurka, Medicare, inshorar tsofaffi, ba ta wuce kwana 100 a gidan jinya, dogon zama sai Medicaid, tallafin lafiya na marasa ƙarfi, wadda ba ta shigowa sai dukiyar mutum ta kusa ƙarewa. A Ingila mai dukiyar da ta haura fam 23,250 shi ke biyan kuɗinsa. Jamus ta kafa inshorar jinya ta musamman a 1995, Japan a 2000, inda kowa ke fara biya daga shekara 40. Abin lura a tsarin Jamus shi ne iyali na iya karɓar kuɗi a hannu su yi jinyar a gida, domin gwamnati ta lissafa ta ga ya fi mata arha. A nan gida, jihar Ekiti ta taɓa fara bai wa tsofaffi marasa ƙarfi naira 5,000 a wata a 2011. Irin wannan shirin, in ba a ɗaure shi da tabbataccen kaso a kasafi ba, canjin gwamnati kan girgiza shi. Shi ya sa nake tsoron gidan da za a gina da fatan "gwamnati za ta tallafa". Ranar da tallafin ya makara wata uku, tsofaffi 20 ne a kwance ba mai juya su.

In da ƙungiya za ta ji shawarata, kuɗin albashin nan gara a sa su a ɗauki ma'aikatan lafiya biyu da babura, su riƙa zagaya gidaje sati-sati suna auna jini, suna canza roba, suna duba fata. A sayi gadajen asibiti, kekunan guragu da kujerun bahaya a riƙa ba da aro da rajista, a sayi famfas da safar hannu a sari.

Ɗan Jega:

Allah ya saka da alheri. To idan 'ya'ya ba su da hali, ana iya sa kuɗin zakka a wannan?

Almajirin Gwandu:

Ana iyawa, amma da bambanci, ɗan'uwa. A mazhabar Malikiyya, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan 'ya'yansu masu hali, maza da mata. Saboda haka ɗa ba zai ba mahaifinsa zakkarsa ba, domin yana sauke nauyin kansa ne da ita. Amma zakkar wani tana halatta ga tsohon da shi da 'ya'yansa duk ba su da shi, yana cikin fakirai da miskinai na aya ta 60 a Suratut Tauba. Ita zakka a hannun mabuƙaci ake damƙa ta, ba a gina ɗaki da ita. Gini, gadajen aro, babur, ko shagon da hayarsa za ta riƙa biyan ma'aikaci, wannan aikin wakafi ne da sadaka. Zamfara tana da hukumar zakka da wakafi ta jiha tun bayan ƙaddamar da shari'a, ƙungiyarku na iya duba yadda suke rubuta wakafi.

Ina ƙara jan hankali kan dukiyar tsohon. Jinyarsa daga dukiyarsa take fara fita tun yana raye, ba gado ba ce tukuna, babu mai ikon hana a sayar da saniya don a yi masa magani. Idan hankalinsa ya gushe, kada ɗa ɗaya ya sayar da gona shi kaɗai. A je kotu alƙali ya naɗa wakili, a buɗe littafi, duk abin da ya shiga ko ya fita a rubuta da kwanan wata, a ajiye rasit. Kuma 'yar da ta bar sana'arta, ko matar ɗa da ke wanke surukarta, a yanka mata wani abu a wata cikin lissafin. Jinyar suruka ba wajibi ba ce a kan matar ɗa, kyautatawa ce.

Uwar Gida, Zuru:

Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne. Amma Baba Akawu, ban yarda a rufe maganar gida gaba ɗaya ba. Duk lissafinku ya ginu a kan akwai iyali. A ƙasar Zuru, wajen Danko-Wasagu da Sakaba, da Zamfara baki ɗaya, rashin tsaro ya raba tsofaffi da garuruwansu, wasu an kashe 'ya'yan da ke riƙe da su. Akwai matan da ba su taɓa haihuwa ba. Akwai masu gigin tsufa da ke fita tsakar dare, har a ɗaure su da igiya ko a kira su mayu. Ma'aikaci mai zuwa sati-sati ba zai ishe su ba.

Abin da zai yiwu shi ne ƙaramin wuri, gado 6 zuwa 8, manne da babban asibitin gwamnati don a ci moriyar nas da wutarsu, ba katafaren gini a bayan gari ba. A ware gado 2 na hutun mai jinya: a kawo tsoho sati biyu, matar da ta yi wata shida ba ta yi barcin kirki ba ta huta, a mayar da shi. Kafin a aza bulo ɗaya, a sami yarjejeniya a rubuce da ma'aikatar da ke kula da walwalar jama'a da ƙaramar hukuma, a faɗi ma'aikata nawa za su turo da wanda zai biya su. A rubuta sharuɗɗan karɓa, hakimi da limami ko fasto su shaida cewa mutum ba shi da mai riƙe shi, in ba haka ba masu hali ne za su cike gadajen. Ƙofofi su kai faɗin keken guragu, ban da matakala, a sa ƙarfen riƙewa a banɗaki, ƙasa kada ta yi santsi, domin karayar ƙugu ga tsoho ba kowa ke tashi daga ita ba.

Mai gigin tsufa kuma a kai shi likita ya duba, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato suna ganin irinsu. A sa masa takarda mai lambar wayar gida a aljihun riga, a sa sakata a saman ƙofa inda idonsa ba ya kaiwa, a bar fitila a kunne da dare, a sanar da maƙwabta da masu shagon unguwa. Maganin barcin kemis kada a ba shi, yana ƙara ruɗewa kuma yana jawo faɗuwa.